Kunyar Ajuma

Duk wanda ya saba cin kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a ya san Ajuma, ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan mai wushirya da ke zama a ƙarshen layin masu nono. Sauran mata suna ta kiran ciniki har muryarsu ta dushe, ita kuwa sai ta sauke ƙwarya, ta rufe da faifai, ta zauna. In ka zo ta auna maka, in ka wuce ba ta bin ka da kallo. Masu saye suna cewa nononta ba ya da ruwa, bakinta kuma ba ya da magana, kuma duka biyun gaskiya ne.

A wata ruga kusa da Kiyeshe aka haife ta, can ta koyi tatsa da daka da doguwar tafiya da kaya a ka. Ta auri Bello, ɗan rugar da ke maƙwabtaka da tasu, mutum mai yawan dariya wanda ya so ta ita ma ta so shi. Shekara na zagayowa ta haifi ɗa namiji, aka raɗa masa Nuraddeen.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. A birni yanzu ta zama abin wasa, uwa ta sakaya sunan ɗa a gaban surukai, bayan sun tafi ta ɗora shi a cinya. A rugar su Bello abin ba wasa ba ne. Uwa ba ta kiran ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta cewa nata ne. Da aka yaye Nuraddeen sai aka kai shi bukkar kakarsa Juwairiyya, uwar Bello, wadda kowa ke kira Inna. Tsakanin bukkar Inna da ta Ajuma bai fi jifan dutse ba. Daga ranar nan yaro ya zama Ɗan Inna a bakin uwarsa, in kuma tana sauri ta ce "wancan". Shi kuma ya tashi yana kiranta Adda, kamar dai yayarsa ce.

Mata da yawa suna yin wannan kunyar da rabin zuciya. Ajuma ta yi ta da dukan ƙarfinta, don ita ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Wata rana, yaron bai fi shekara bakwai ba, ƙayar aduwa ta shige masa tafin ƙafa. Ya taho da ɗingishi yana kuka, ya wuce bukkar Inna, ya zo inda mata ke daka, ya kama zanen Ajuma. Ta dubi turmi, ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa daga zanen, ta ce da wata yarinya, "Ki kai ma Inna ɗanta." Mata suka yi ta yabonta, ana cewa irin kunyar Ajuma sai matan da. Ba wadda ta bi ta bayan garke ta ga yadda ta durƙusa tana kuka har numfashinta na sarƙewa. Yabon ya kai rugagen maƙwabta, ta ji daɗinsa kuwa, ba sai an yi ƙarya ba. Sai dai yaro ba ya cin yabon uwarsa.

Ba ƙin sa take yi ba, Allah shaida. Kullum saman nono, mai maiƙon, shi take kwashewa ta aika bukkar Inna ba tare da ta ce na wa ne ba. In ya yi zazzaɓi sai itacen girkinta ya ƙare a ranar, ta yi ta tsintar ƙirare a bayan bukkar da yake kwance tana kasa kunne. Amma duk wannan a ɓoye ne. Abin da Nuraddeen yake gani da idonsa daban ne. Ya ga an haifi Salman, an haifi Ummulkhairi, ya ga Adda tana goya su, tana yi musu kirari, tana ƙwala musu kira da sunansu tun daga bakin rijiya.

Da akwai Inna a tsakani, abin da sauƙi, don ita takan ce da shi, "Sha, mai son ka ta aiko." Sai ciwon ciki ya ɗauke Bello cikin kwana kaɗan, shanunsa suka koma ƙarƙashin kulawar yayansa Is'haƙa. Ba a daɗe ba Inna ta bi ɗanta. Nuraddeen yana ɗan shekara goma sha huɗu ya wayi gari shi kaɗai a bukkar tsohuwa. Ajuma ta so ta ce ya dawo wajenta, ta rasa ta inda za ta fara, don ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon da ya wuce "tashi" ko "kauce" ba. Sai ta ci gaba da abin da ta iya. Ta zuba tuwo ta ce da Ummulkhairi, "Kai ma wancan." Yaro ya koma kwana cikin shanu, ya zama mai shiru kamar uwarsa, mai saurin fushi ba kamar kowa ba.

Tsautsayin ya zo a ƙarshen damina, hatsi ya fid da kai. Burtalin da shanu ke bi zuwa fadama kowace shekara ƙara tsukewa yake yi, gona ta ci daga nan, gona ta ci daga can. Wata karsana ta zille ta faɗa gonar wani manomi. Ɗan mai gonar, saurayi ne da ya girmi Nuraddeen, ya ɗaga hauya ya sare ta a ƙafa. Nuraddeen ya ga jini, ya ɗaga sanda ya sauke masa a gefen kai. Da ɓarnar hatsi ce kawai da a gaban mai gari aka kashe maganar. Amma an kwashi saurayi zuwa asibiti bai san inda yake ba. Ya tashi daga baya, sai dai kunnensa ɗaya ya mutu. Kafin la'asar jandarmomi sun zo ruga da mota.

Ajuma tana tsaye da ƙwarya a hannu aka wuce da shi. Matan ruga duk suna waje, Is'haƙa yana waje. Yaron ya waiwaya ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ta ji motar ta tashi, ta ji ta yi nisa, sannan ta shiga bukka.

Aka tsare shi a gidan kaso na gari, a ɓangaren yara, wani ɗan tsakar gida da aka raba da na manya da katanga. Juma'a na zuwa Ajuma ta tashi tun da asuba ta dama fura irin wadda ba ta taɓa saida wa kowa ba, da citta da kanumfari da man shanu. Bayan ta watse daga kasuwa ta tambayi hanya, ta je ta tsaya a layin masu kawo abinci. Mai tsaron ƙofa ya ɗanɗana furar kamar yadda yake yi wa kowa, ya ce, "Na wa ne?"

"Na yaron nan na rugar Kiyeshe, wanda anka kawo kwanan baya."

"Ke mi gare ki da shi?"

"Rugarmu guda."

"Ba ki shiga ki gan shi?"

Ta girgiza kai. Ta jira aka fito mata da ƙwarya, ta kama hanyar gida.

Haka ta yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a, har aka gama girbi, har aka saki gonaki. Masu tsaro suka raɗa mata suna Rugarmu Guda. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa tsallake ƙofar ba.

Akwai wata mata mai suna Delphine, ma'aikaciyar ofishin kula da yara, wadda aikinta shi ne ta zauna da yaran da aka tsare, ta nemo iyayensu, ta kai wa alƙalin yara bayani. 'Yar garin ce, Kirista, gajera mai faɗa, da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Ta tambayi Nuraddeen iyayensa, ya ce ubansa ya rasu, wadda ta raine shi ma ta rasu. Ta ce uwar da ta haife shi fa? Ya ce shi bai san da wata uwa ba. Delphine ba ta yarda ba, don ta ga furar da ake kawo masa, ta san maƙwabta ba sa zuba man shanu haka. Wata Juma'a ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Da Ajuma ta buɗe baki za ta gaida mai tsaro, Delphine ta ga wushiryar, ta ga goshin, sak irin na yaron. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ta ja ta gindin wata bishiyar dogon yaro, nesa da mutane. "Baiwar Allah, ɗan farinki ne, ko?"

Ajuma ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ba sai kin amsa mini ba. Ni ma uwata ba ta kiran yayana, har ta mutu Babban Gida take ce mishi. Amma ki saurare ni. Yaron ga ƙarami ne, wanda ya buga ya tashi, alƙali ba shi son shi daɗe a kaso. Hanya biyu ce. In akwai uwa ko uba da za ya tsaya gaban alƙali shi ce wanga ɗana ne, na ɗauke shi, ni ka kawo shi duk sa'ad da anka neme shi, to sai a ba shi. In babu, akwai gidan gyaran hali can gabas, nesa ƙwarai, can za a kai shi shekara biyu. Kin gane?"

"Na gane, Madam."

"Baffanshi fa?"

Ajuma ta ce Is'haƙa zai zo, amma shi da rani yana gangarawa da shanu kudu, har ya ƙetare iyaka. Delphine ta ce to ba za a ba wa mai ƙetare iyaka yaro ba. "Ke ce. Kalma biyu ce tak, ɗana ne. Faɗa mini nan in ji, ba kowa sai ni da itace."

Ajuma ta yi wata 'yar dariya ta kunya, ta dubi ƙasa. "Ranar ni faɗi."

"Ki faɗi yanzu bakinki shi saba."

"Ranar, Madam. In sha Allahu."

Delphine ta yi tsaki, ta ce Fulani za su kashe ta kafin lokacinta. Amma ta tafi da murna, don ta ga matar da gaske take.

Da gaske take kuwa. Duk makon nan Ajuma tana faɗin kalmomin a cikin zuciyarta, a wajen tatsa, a hanyar rijiya. A zuci suna fita sumul. Ta share bukkar Inna, sannan ta canza shawara, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a cikin tata bukkar, kusa da ta Salman.

Ranar shari'a ba a babban zaure aka yi ba. Wani ƙaramin ofis ne da fanka, alƙali a bayan tebur, mutum mai furfura da taushin murya. Ajuma ta yi zaton za a shigar da ita ita kaɗai. Sai ga Is'haƙa an zaunar da shi a kujerar da ke gefenta, mutumin da tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. Sai ga shi an shigo da Nuraddeen. Ya rame, an aske masa kai, ya ƙara tsawo har wandonsa ya ɗage. Ba ta taɓa zama kusa da shi haka a ɗaki ɗaya ba tun da aka yaye shi.

Is'haƙa ya yi bayani, ya ce ɗan ƙanensa ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma shi tafiya ta kama shi. Alƙali ya gyaɗa kai, ya juyo wajen Ajuma.

"Ke kuma, mene ne tsakaninki da wannan yaro?"

Ta buɗe baki. Ta ji idon Is'haƙa a gefen fuskarta, ta ji na yaron a ɗaya gefen. Harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Delphine tana tsaye jikin bango tana yi mata alama da ka.

Alƙali ya ajiye alƙalami. "Na san al'ada, ni ma cikinta na tashi. Ba zan matsa miki ba. Madam ta riga ta gaya mini." Ya juya wajen yaron. "Nuraddeen, wannan mahaifiyarka ce?"

Yaron bai ɗaga kai ba. "Ku tambaye ta."

Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Masu cewa shiru ma magana ce ba su taɓa ganin ɗa yana jiran uwarsa ta amsa shi ba. Alƙali ya ba ta lokaci, ya ba ta fiye da yadda ake ba kowa. Ajuma ta tattaro duk ƙarfin da take da shi, ta tura kalmomin zuwa bakinta, amma bakin da ya shekara goma sha biyar yana bin hanya ɗaya sai ya bi hanyar da ya sani.

"Ɗan Inna ne, ranka shi daɗe. Ɗan gidanmu ne."

Is'haƙa ya gyaɗa kai, shi a wajensa ta yi daidai. Nuraddeen ya ɗago a karon farko, ya dubi alƙali, idonsa a bushe.

"Kun dai ji. Inna kuwa ta rasu. A kai ni inda za a kai ni."

Alƙali ya yi ƙoƙari. Ya ce shi ya fahimci abin da take nufi, zai iya ba ta shi a haka. Ya tambayi yaron ko zai bi ta gida. Ya ce a'a. Delphine ta matso ta yi masa magana a hankali, ta tuna masa furar Juma'a, ta ce wa yake zaton ke tafiyar nan a ƙasa dominsa? Ya ce bai roƙi kowa hura ba. Aka fita da manya, alƙali ya zauna da shi su biyu, bai sauya ba. Daga ƙarshe alƙali ya ce ba zai tura yaro mai irin wannan zuciyar gidan da ya ce ba ya so ba, ga kuma gonar wanda ya buga a bakin rugar. Ko ya gudu, ko a sake jin wani labarin. Gara a kai shi inda zai koyi sana'a ya huce.

Da sassafe bayan kwana biyu motar gwamnati ta ɗauke shi da wasu yara ta hau kwalta ta yi gabas. Ajuma ba ta nan, ba wanda ya gaya mata ranar. Juma'a ta zo da furarta kamar kullum, mai tsaro ya ce, "Rugarmu Guda, ai an tahi da shi." Ta dubi furar. Sannan ta miƙa ƙwaryar ta ce a ba sauran yaran.

A ruga ba wanda ya zarge ta. Wannan ne ya fi ci mata rai. Mata suka zo jaje, wata tsohuwa har ta ce ta ji labarin yadda ta riƙe mutuncinta a gaban surukinta da gaban hukuma, Allah ya yi mata albarka. Ajuma ta ce amin. Ta naɗe sabuwar tabarmar ta sa a saman rumfa. Ta daina cin abinci sosai, ta fara mantuwa, takan tatsi saniya ta bar ɗan maraƙi a ɗaure. Ta san abin da ta yi, ba ta neman wanda za ta ɗora wa.

Delphine ta yi fushi da ita na wata guda, in ta gan ta a kasuwa sai ta kau da kai. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bayan an shiga bazara ta zo layin masu nono ta tsaya a kanta ta ce, "Tashi, na samo lambar gidan da yake."

Suka je ofishinta. Delphine ta danna waya ta manna mata a kunne, ta ce, "Ni ba ni cewa komi. Ke za ki yi." Wayar ta yi ta ƙara, sai wani mutum ya ɗauka, da hayaniyar yara da bugun katako a bayansa.

Ajuma ta gaishe shi, ta ce tana neman yaron da aka kawo daga Dogon Dutsi.

"Yaran Dutsi suna da yawa a nan, Hajiya. Wanne? Yaya sunansa?"

Ta dubi Delphine. Delphine ta harɗe hannu ta dubi taga. Ba Is'haƙa a ɗakin, ba matan ruga, ba yaron. Ajuma ta rufe ido.

"Nuraddeen."

"Nuraddeen Bello? Ke wace ce tasa?"

"Ɗana ne," in ji ta. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. "Ɗana ne, ni na haife shi."

"To, riƙe, yana wajen aikin katako. Bari a kira shi."

Ta riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na bin wuyanta. Delphine ta matso ta dafa kafaɗarta. Aka daɗe. Sai ta ji takun sawu, ta ji an ɗauki wayar, ta ji wata murya mai kauri da ba ta san ya yi ba.

"Wa ke magana?"

Ta ja numfashi. Ta sake ja.

"Adda ce."

"To." Sannan ya ce, "Kuna lahiya?"

"Lahiya lau."

Ta ji yana numfashi, shi ma yana jin nata. Can ya ce, "Ina labarin shanu?"

Nan bakinta ya buɗe. Ta ce Wule ta haihu, ta samu mace. Saige ta rame amma tana ci. Fure ta karye ƙaho a wajen rijiya, Nore har yanzu ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an ɗaure ƙafa. Ta bi masa garken nan kaf, kowace saniya da sunanta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yana ta cewa to, to. Da ta kai ƙarshe ba ta da sauran abin faɗi.

"To, Adda," in ji shi. "Ana jirana wajen aiki. A gaida su Salman."

Wayar ta mutu. Ajuma ta ci gaba da riƙe ta a kunne har sai da Delphine ta zare ta daga hannunta a hankali. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara gammo, ta ɗora ƙwaryarta a ka. Ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Madam, mutumin nan da ya fara ɗauka. Kina ganin za shi gaya mishi abin da na ce?"

Delphine ta dube ta, ta so ta ce i, amma ba ta saba yi wa iyayen yara ƙarya ba. Ta ce ba ta sani ba.